Labarin yaƙinka ba takardar neman mafaka ba ce

Wasiƙar wannan makon daga Jidda ta zo. Mai ita ɗan Maiurno ne a ƙasar Sudan, yana cikin samarin da suka ɗauki bindiga suka bi sojoji, waɗanda ake kira mustanfarin, lokacin da dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin Sudan, suka shiga garin Sinja a watan Yunin 2024. Yanzu yana tsaron shago da iƙamarsa, wato takardar izinin zama a Saudiyya. Barci ya ƙaurace masa, sai ya soma rubuta ƙagaggen labarin yaƙin a waya. Baffansa ya haɗa shi da wani dillali da ya ce a kawo labarin da fasfo da kuɗi, shi zai mayar da shi takardar neman mafaka a Turai. Yana tambaya ko ya bayar.

Ɗan'uwa, kada ka bayar. Ko shafi ɗaya.

Na karanta babin da ka turo. Wurin da wayar abokinka take ta ƙara a aljihunsa bayan ya cika, sunan mahaifiyarsa na fitowa a fuskar wayar, ku kuma kuna kwance a cikin rami babu mai ƙarfin zuciyar ɗauka, na daɗe ban wuce shi ba. Wanda bai je ba ba zai ƙago wannan ba. Amma da bakinka ka ce abokin nan mutum uku ne ka haɗe su ɗaya, ka ɗauko abin da ya faru da damina ka kai shi rani, sannan harbin fursunan da ke babi na gaba ji ka yi an ba da labari, ka rubuta shi da "ni" don mai karatu ya ji nauyinsa a ƙirji.

A adabi wannan ba ƙarya ba ce. Haka ƙwaƙwalwar wanda ya ga yaƙi take dawo da abu, a gutsure, wari kafin suna, ƙara kafin kwanan wata. Marubucin Jamus Erich Maria Remarque an raunata shi a fagen daga a 1917, littafinsa na Yaƙin Duniya na Ɗaya ya fito a 1929, sojan da ke cewa "ni" a ciki ya mutu a ƙarshe, shi kuwa marubucin ya rayu har 1970. Tsoffin sojoji da yawa ma sun ga kansu a ciki.

Jami'in mafaka ba da wannan idon yake karatu ba. Rana yake nema, da wuri, da sunan kwamanda, kuma zai sake tambayarka bayan watanni ya gwada ko amsar ta canja. Abokai uku da suka zama ɗaya, a wurinsa saɓani ne. Babin fursuna kuwa amsa laifi ne da sa hannunka a ƙasa. Yarjejeniyar 'yan gudun hijira ta 1951 tana da sashe na 1F, wanda ke hana kariya ga duk wanda ake da ƙwaƙƙwaran dalilin zaton ya yi laifin yaƙi. Dillalinka ko bai sani ba, ko bai damu ba. Na ga wanda aka ƙara wa labarinsa gishiri don ya yi armashi, gishirin ne ya rufe masa ƙofa, dillalin kuma ya canja lamba. Na ga wanda fasfonsa ya kwana a jakar dillali har lokacin sabunta iƙama ya wuce, kafili, wato ubangidan da ya tsaya masa, ya fusata, aka ƙare a tarhil, wurin tsare waɗanda za a kora daga ƙasar. Saudiyya ba ta sa hannu a yarjejeniyar nan ba, kuma UNHCR, hukumar 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ba ta karɓar ko riyal ɗaya. Duk mai cewa yana da mutum a ciki ɓarawo ne.

Sai Baffa. Ka ce ya ce tunda ka rubuta abin kunya, cewa ka ji tsoro har ka gudu a daren farko, gara abin kunyar ya kawo wa gida kuɗin Turai. Wannan magana ba ta dace da babba ba. Yaron da ya tsaya tsakanin garinsu da bindiga, ya dawo ba ya barci, addu'a ya kamata ya samu daga gida da tambayar lafiya, ba lissafin abin da za a ci da ciwonsa ba. Ka ci gaba da tura abin da kake turawa, ka gaishe shi da ladabi, ka ce masa maganar dillali ta mutu. Idan ya matsa, ka sa mahaifiyarka a ciki.

Rubutun kuma kar ka daina. Ka canja sunaye da unguwanni, domin iyayen mamatan suna raye, kuma bai kamata uwa ta gane ɗanta a Facebook ba. Kar ka sa shi a intanet da sunanka muddin kana zaune da iƙama, dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 tana da faɗi, kuma yaƙin bai zama tarihi ba tukuna. Ka buɗe wani littafi daban na abin da idonka ya gani kaɗai, da rana da wuri gwargwadon yadda ka tuna, inda ka manta ka rubuta ka manta. Idan wata rana ka zauna gaban lauya na gaskiya, wannan za ka miƙa masa. Rashin barcin kuwa ka kai shi gaban likita a wannan watan.