Me ya sa farin cikon haƙori yake ɓallewa?

Ɗan'uwa, ka ce cikon haƙorinka na gaba ya ɓalle, kana zargin gam ɗin. Wani lokaci matsalar daga shirya wurin take, kafin a sa cikon. Saman haƙori santsi gare shi, shi ya sa likita yake shafa masa asid na fosforik mai ƙarfin kashi 37 cikin 100, na daƙiƙa 15 zuwa 30. Asid ɗin yana buɗe 'yan ramukan da ido ba ya gani, gam ya kwarara ciki, a haska shuɗiyar fitila ya daskare. In yawu ya taɓa wurin kafin nan, riƙon ya yi rauni.

Don Allah kada ka liƙa da Super Glue, kuma ka daina gatsa ƙashi da haƙorin. Je asibitin haƙori nan Kaduna a duba, wataƙila ruɓa ce a ƙarƙashi.