Amsa ga mai tambaya kan tsatsa da haidurojin

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanwata, na saurari tambayarki tun da safe, sai yanzu na samu sarari. Ga waɗanda ba su ji ba, ta ce ta ga wani bidiyo ana cewa masana sun gano tsatsa za ta iya raba ruwa ta fitar da iskar haidurojin, wai an kusa daina dogaro da ƙarafa masu tsada. Tana so ta san ko gaskiya ne, kuma me ya sa duk takardar da ta buɗe a wannan fanni sai ta ci karo da oksayid na ƙarfe.

To, akwai gaskiya a ciki, amma da sauran rina a kaba.

Oksayid dai ƙarfe ne da ya haɗu da oksijin. Tsatsa ma oksayid ce, ta baƙin ƙarfe. Aikin da ake so ta yi a nan shi ne na katalis, wato abin da ke hanzarta aikin sinadarai. Shi kuma katalis, ki ɗauke shi kamar dillali. Yana haɗa ɓangarori biyu, ciniki ya faɗa da wuri, shi kuma ya tashi yadda ya zauna, ya jira na gaba. Ba ya ƙirƙiro makamashi, kin gane? Wannan ki riƙe shi da kyau, domin duk wanda ya ce miki katalis zai ba da haidurojin daga ruwa kyauta, ba tare da lantarki ko zafi ko hasken rana ba, to ba kimiyya yake faɗa miki ba.

Kuma oksayid ba baƙo ba ne a wannan harka. Duniya tana samar da haidurojin kusan tan miliyan 100 a shekara, yawancinsa yana tafiya matatun mai da masana'antun takin zamani, kuma kusan dukansa daga gas ɗin ƙasa da kwal yake fitowa. Ana haɗa gas da tururi a zafin da ya haura digiri 700, a bi da su ta kan nikel da aka shimfiɗa a kan oksayid na alminiyom. Daga nan a wuce ta kan oksayid na baƙin ƙarfe da kuromiyom, sannan na tagulla da zinki, don a ƙara tatso haidurojin. Matsalar ita ce kowane kilo ɗaya na haidurojin yana zuwa da kilo 9 zuwa 10 na iskar kabon mai ɗumama duniya. Shi ya sa hankali ya koma kan ruwa.

Yanzu ga inda gizo ke saƙar. Idan kika tsoma sanduna biyu a ruwa kika ba su wuta, ɗaya za ta fitar da haidurojin, ɗaya oksijin. Mutane suna zaton wahalar tana wajen haidurojin, tunda shi ake nema. A'a. Haidurojin ilektiron biyu kawai yake buƙata ya fito, wato ƙananan ƙwayoyin da ke ɗauke da lantarki. Oksijin kuwa sai an zare ilektiron huɗu daga ƙwayoyin ruwa biyu, ɗaya bayan ɗaya, sannan a ɗaura oksijin biyu wuri guda. A lissafi bolt 1.23 ya isa a raba ruwa, amma injinan gaske suna aiki a wajen 1.8 zuwa 2, kuma babban kaso na wannan rarar a ɓangaren oksijin take salwanta, ta zama zafi. Kilo ɗaya na haidurojin yana cin ruwa kilo 9 da lantarki kilowat-awa 50 zuwa 55. Don haka ɗan abin da katalis ya rage miki a bolt, idan aka ninka shi a babbar masana'anta, ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma a wannan ɓangaren na oksijin, ko wane ƙarfe kika sa, fatarsa sai ta koma oksayid da kanta, saboda yanayin wurin. Wato ba wai masana sun zaɓi oksayid don sha'awa ba ne, wurin ne ya tilasta. Na taɓa tsayawa a ɗakin gwaji ina kallon wani ɗan soson nikel a cikin ruwan gwaji. Ana ɗaga bolt a hankali, sai na ga ya rikiɗe ya yi baƙi, kafin ƙananan kumfa su fara tsattsafowa daga ramukansa. Wannan baƙar fatar ita ce katalis ɗin na gaskiya, ba ƙarfen da muka tsoma ba. Har yau ina jin daɗin tuna wannan.

Dillalin kirki kuma ba ya riƙe kaya da ƙarfi har ya hana su tafiya, ba ya kuma sakaci su suɓuce kafin a daidaita. Wannan ita ce ƙa'idar Paul Sabatiye, Bafaranshen da ya ci kyautar Nobel a 1912. Oksayid na iridiyom da na rutiniyom suna kusa da wannan tsaka-tsakin. Rutiniyom ya fi zafin nama amma yana narkewa da wuri. Iridiyom shi ne yake jure ruwan asid, shi ya sa injinan zamani masu siririyar fata a tsakiya suka dogara da shi. To amma iridiyom ɗin da duniya take haƙowa a shekara bai kai tan 10 ba, mafi yawansa daga Afirka ta Kudu, kuma a gefen haƙar filatinom ake samunsa. Ba za ki gina makamashin duniya a kan abin da bai cika tirela guda ba sai an rage yawan da ake shafawa sosai.

A ruwan alkalin, wato mai ɗabi'ar kanwa, labarin ya fi daɗi, domin nikel da baƙin ƙarfe suna aiki, kuma suna da yawa. Akwai wani abu a nan da nake so ɗalibai su ji. A 1987 Denis Korigan ya nuna cewa ɗan burbushin baƙin ƙarfe yana ƙara wa nikel kuzari ƙwarai. A 2014 masu bincike a jami'ar Oregon ta Amurka suka tace ruwan gwajinsu tsaf, suka cire duk wani baƙin ƙarfe, sai ga nikel zalla ya zama katalis mai rauni. Ashe shekara da shekaru ana yabon nikel, alhali dattin da ke cikin sinadarin ne yake ɗauke da mafi yawan aikin. Duk mai shirin yin gwaji a cikinku, ya fara da sanin abin da ke cikin kwalbarsa.

Sai batun hasken rana, wanda ina jin shi bidiyon yake nufi. A 1972 Akira Fujishima da Kenichi Honda na ƙasar Japan suka wallafa cewa oksayid na taitaniyom yana raba ruwa idan haske ya dake shi. Abin ya girgiza masana. Sai dai haske mai ƙarfin da ido ba ya gani kaɗai yake sha, wanda bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Tsatsa, irin wadda ake kira hematayit, tana shan hasken da muke gani, shi ya sa take ja, ga araha, ga jure ruwan alkalin. Amma cajin da haske ya tayar a cikinta ba ya tafiyar da ta wuce nanomita kaɗan (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita) kafin ya mutu, yawancinsa ba ya isowa bakin ruwa. Shi ya sa ake yin ta siririya ainun, ana cusa mata wasu ƙarafa, kuma duk da haka sai an tallafa mata da ɗan lantarki. A Japan tawagar Kazunari Domen ta shimfiɗa faranti masu faɗin murabba'in mita 100 na wani oksayid na siturontiyom da taitaniyom, suka wallafa a 2021. Ya yi watanni yana aiki a fili, amma abin da ya mayar haidurojin daga hasken rana bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ni ina girmama wannan aikin fiye da alkawura da yawa, domin sun fito rana sun faɗi adadin yadda yake.

Abin da ke hana ni yanke ƙauna shi ne ganye. Kowane koren ganye yana raba ruwa, kuma a tsakiyar injinsa akwai ɗan dunƙulen manganis huɗu, kalsiyom ɗaya, oksijin biyar. Oksayid ne, na ƙarafa masu arha. Sai dai ganye yana gyara wannan sashe nasa a kai a kai idan haske ya lalata shi, mu kuwa namu idan ya lalace sai a tsayar da inji.

Saboda haka, ƙanwata, idan kika ga sabon katalis ana ta yayata shi, ki nemi awa nawa ya yi yana aiki. Takardu da yawa awa 10 ko 100 suke nunawa, a ƙaramar wuta ta miliamfiya 10 a kan murabba'in santimita, alhali masana'anta tana tura abin da ya ninka haka sau ɗari, kuma tana son dubun-dubatar awoyi. Ki duba a asid aka gwada ko a alkalin, sannan ko sun auna ƙarfen da ya narke a cikin ruwan bayan an gama. Turo min sunan takardar da bidiyon ya dogara da ita, in Allah ya kai mu gobe mu duba jadawalin awoyinta tare a nan zauren.