Cutar NMO tana taɓa tunani, ko ido da laka kawai take kamawa?

'Yar'uwa, kin ce yayarki da ake yi wa maganin NMO (cutar da garkuwar jiki ke kai wa jijiyar gani da laka hari) a Alƙahira ta fara mantuwa, kina tambaya ko cutar ce. E, tana iya yiwuwa.

Da an ɗauka jijiyar gani da laka kaɗai take kamawa. A 2004 aka gano ƙwayar garkuwar jiki da ke kai wa sinadarin akwaforin-4 hari, shi kuwa akwai shi a ƙwaƙwalwa ma. Abin da ya fi raunana shi ne saurin fahimta da maida hankali. Za ki ga ta ɗora tukunya ta manta, ko a faɗa mata lambar waya ta ɓace kafin ta ɗauko biro.

Amma fa kar a ɗora wa cutar komai. Gajiya, damuwa, ciwon jijiya da ke hana barci, har magunguna irin su firegabalin, duk suna dusashe tunani, kuma waɗannan ana iya gyara su.

Ta gaya wa likitanta ya yi mata gwajin MoCA, wato gwajin auna tunani; akwai shi da Larabci, kamar minti 10 ne. In ganinta ya yi rauni ta faɗa tun farko, don gwajin na da zane.

Allah ya ba ta lafiya.