Girman akwatin gilashi na kifin zinare da nauyinsa in an cika shi

Ɗan'uwa na Ringim, ka ce kifin zinare biyu kake son ajiyewa, kana tambayar girman akwatin da zai ishe su, da ko teburin ɗakinka zai ɗauka.

Kada ƙanƙantarsu a hannun mai sayarwa ta ruɗe ka. Suna girma, ga yawan kashi. Irin mai kumburin ciki da jela biyu, a ba na farko kamar lita 75, kowane ƙari lita 40, wato lita 115 ga guda biyu. Irin mai dogon jiki kuwa yakan kai santimita 30, shi kam kududdufin siminti ya fi masa.

Lissafin ba wuya. Ka ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, ka raba da 1000, ka sami lita. Akwati mai 90 da 40 da 45 ya ba ka lita 162, wato jarka shida da rabi ta mai lita 25. Kowace lita kilo ɗaya ce. Haɗa da gilashin kansa da tsakuwa, ka doshi kilo 200, buhun siminti huɗu ke nan. Ni tun da na ga teburin katako ya lanƙwashe a tsakiya na daina yarda da shi. A sa mai walda ya yi maka ƙafa ta ƙarfe, a kan daɓe mai daidai, don ɗan karkata kaɗan kan tsaga gilashi.

Zafin bazara ma abin lura ne: ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai, don haka nesa da taga, kuma injin hura iskar ya zama a kan sola.

Kaurin gilashi kuwa, bar wa mai haɗa irin waɗannan akwatuna ya yanke.