Tambaya da Amsa: Kulorin nawa ake zuba wa kwamin ninkaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake kula da kwamin ninkaya na wani ƙaramin otal a Kano. Tsawonsa mita 8, faɗinsa mita 4, zurfinsa daga mita 1 zuwa 2. Wanda na gada a aikin gwangwanin madara biyu na garin kulorin yake zubawa kowace safiya, ni ma na ɗora a kan haka. Amma wani lokaci ruwan ya yi kore, wani lokaci baƙi su yi ta ƙorafin zafin ido. Nawa ya kamata in riƙa zubawa?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam. Ka fara ajiye gwangwanin nan tukuna. Ruwan da ya wuni cikin zafin watan Afrilu yara ashirin na wasa a ciki, da ruwan da babu wanda ya shiga tun jiya, ba adadi ɗaya suke buƙata ba. Gwaji ne ke faɗin abin da za a zuba.

Ka soma da sanin yawan ruwanka. Matsakaicin zurfin kwaminka mita 1.5 ne, don haka 8 sau 4 sau 1.5 zai ba ka kubik mita 48, wato lita 48,000. Abin da ake so ya zauna a ruwa kullum shi ne kulorin mai aiki tsakanin miligiram 1 zuwa 3 a kowace lita. A jikin kayan gwaji za ka ga an rubuta ppm. Ga otal mai yawan baƙi, mun fi son a riƙe shi tsakanin 2 da 3.

Garin da aka fi sayarwa, irin HTH, ƙarfinsa kashi 65 zuwa 70 ne cikin ɗari. Giram ɗaya da rabi nasa yana ɗaga lita 1,000 da maki ɗaya, wato ppm 1. A kwaminka ke nan, giram 72 ne kowane maki. In ka gwada ka ga 0.5 kana son 2.5, giram 145 ya isa. In ka tarar da 3, ranar kada ka zuba komai. Ka sayi ƙaramin sikeli irin na masu yin kek, ya fi maka kintace.

Lokacin zubawa ma ka sauya shi. Hasken rana yana cinye kulorin cikin 'yan sa'o'i, saboda haka abin da ka zuba da safe kafin la'asar ya tafi, gansakuka kuma ta samu sarari. Bayan magariba ya fi. Ka cika bokitin roba da ruwa, sannan ka zuba garin a kai ka motsa da sanda; kada ka taɓa zuba ruwa a kan garin. Ka kewaya da shi ta ɓangaren mai zurfi, injin tace ruwa yana kunne, ka sake gwadawa da safe. Akwai sinadarin da ke kare kulorin daga rana, sayanurik asid, ana son ppm 30 zuwa 50 nasa a ruwa. Ƙwayoyin kulorin masu giram 200 suna ɗauke da shi, sai dai taruwa yake yi, kuma in ya yi yawa kulorin ya yi kasala. Sinadarin ba ya fita sai an rage ruwan an ƙara sabo.

Batun ido kuwa, yawanci ba yawan kulorin ba ne. Abu biyu ke kawo shi. Na farko ma'aunin tsami, pH, wanda ya kamata ya tsaya tsakanin 7.2 da 7.6. A 7.5 kusan rabin kulorin ne ke aiki da ƙarfinsa, a 8 kuwa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, kuma garin da kake amfani da shi yana ɗaga pH a hankali. Don haka shi za ka fara gyarawa kafin ka ƙara ko giram ɗaya. Na biyu, kulorin da ya haɗu da gumi da fitsari: shi ke wari mai hawa kai, shi ke jan ido. Kayan gwaji masu ƙwayar DPD suna raba mai aiki da wanda ya gurɓata, na ɗigo mai mai da ruwa rawaya kuwa haɗe su yake nunawa. In gurɓataccen ya haura 0.5, ko ruwan ya yi kore, ka kai kulorin maki 10 da dare, kimanin giram 720, ka goge bango da buroshi, inji ya kwana yana aiki. Kada kowa ya shiga sai ya sauko zuwa 3.

Ka kuma kiyaye wannan: garin da ƙwayar kulorin ba sa haɗuwa a mazubi ɗaya, suna iya kama wuta. In kulorin ya haɗu da asid na rage pH, iska mai guba yake fitarwa. Kowanne da bokitinsa, a ajiye su nesa da juna a inuwa, inda babu danshi.

Tambaya: Na saya wa yarana kwamin roba da ake hura wa iska, yana cin lita 2,000. Zan iya sa bilicin wanki irin Hypo ko Jik? Daga wata uwa a Abuja.

Amsa: Za ki iya, Hajiya, in dai marar turare ne. Ki duba jikin robar: in an rubuta kashi 3.5, mililita 30 ke ɗaga lita 1,000 da maki ɗaya, don haka mililita 120 zai kai naki zuwa 2. Ki gauraya sosai, ki jira rabin sa'a, ki gwada. Amma tunda irin wannan kwami ba shi da matata, ki riƙa zubar da ruwan bayan wasan kowace rana, ki wanke ki shanya.

Tambaya: Da ruwan burtsatse muke cika namu. Yana zuwa garau, amma da an sa kulorin sai ya koma ruwan ƙasa. Me ke faruwa?

Amsa: Ƙarfe ne narkakke a ruwan, kulorin ya mai da shi tsatsa. Ƙara kulorin ba zai kawar da launin ba. Ku bar injin tacewa yana aiki, kuna wanke yashin matatar akai-akai, ko ku sa alif ku kashe inji ruwan ya kwana, da safe ku zuƙe lakar da ta kwanta ku fitar da ita waje, ba ta cikin matata ba. Nan gaba ku riƙa tara ruwan a tanki, ku sa masa kulorin a can, ya kwanta kafin ku tura shi kwami.