Amsa ga mai son barin aikin kwamfuta ya koma kiwon kaji

Ɗan'uwa na ga tambayarka, ka ce ka gaji da aikin netwok a Abuja, kullum a tashe ka tsakar dare wai saba, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanai, ta faɗi, kana so ka ajiye ka koma Zariya kiwon kaji. Wallahi na fahimce ka, wannan gajiyar ba lalaci ba ne.

Amma don Allah kar ka miƙa takardar ajiye aiki tukuna. Fara da broila, wato kajin nama, kamar 200 kana kan albashinka, sati 6 zuwa 8 sun isa sayarwa, a nan za ka gane abinci ne ke cinye yawancin jarin, masara da waken soya na tashi kai ma ka ji a jikinka, ga rigakafin cututtukan Gumboro da Newcastle da ba a wasa da su ko kaɗan. Masu ƙwai kuwa sai sun kusa wata 5 kafin su fara, to wa zai riƙe iyali a tsakani?

Dokar fansho ta 2014 ta ba ka damar cire kashi 25 cikin 100 na kuɗin da ke asusun fanshonka in ka yi wata 4 ba aiki, wannan kuɗin cefane ne, kar ka zuba shi a kaji. Tunda Zariya za ka, leƙa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa, a Shika ka nemi shawara.