Tambayoyinku: Mai Tallafin Karatu a Shekarar Farko ta Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbi a Jami'ar Jos, kuma hukumar tallafin karatu ta jiharmu ta fitar da sunana. An buɗe rajista, kuɗi shiru. Baba ya ce in jira su biya tukuna. In jira?
Ɗalibi ɗan aji ɗaya, Naraguta

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ka jira. Kalandar jami'a daban, ranar da gwamnati za ta saki kuɗi daban. Yawancin tallafin jihohi yakan zo ne bayan an yi nisa da karatu, wani lokaci sai an tantance ɗalibai a makarantunsu, kuma abin da za a nema a wurin tantancewar shi ne rasit da fom ɗin rajistar da kake son jinkirtawa. In aka rufe rajista akwai tara, in ka wuce wa'adin tarar kuma kana iya zama jarrabawar da ba za a shigar maka da sakamakonta ba. Ka yi wa Baba wannan bayani cikin ladabi, a nemo kuɗin ko da rance ne a dangi, in tallafi ya zo a mayar.

Wajen biya, ka fitar da lambar Remita, wato lambar biyan kuɗi ta intanet, daga shafin jami'a da kanka, ka duba sunanka da adadin kuɗin kafin ka biya. Kada ka damƙa wa yaron kafe tsabar kuɗi ka tafi. Rasit, takardar shiga jami'a ta JAMB, shaidar ƙaramar hukuma da fom ɗin kwasa-kwasan da kodinetan ajinku ya sa wa hannu, kowanne ka yi masa kwafi uku, ka ɗauki hotonsa a waya.

Abin da ya fi riƙe kuɗin ɗalibai shi ne saɓanin suna. A JAMB Muhammad, a BVN Mohammed, a NIN an sa sunan kaka a tsakiya. Ka daidaita su yanzu. Ka kuma tabbata asusunka cikakke ne. Irin wanda ake buɗewa da lambar waya kawai yana da iyakar abin da zai karɓa, kuɗi mai kauri sai ya koma inda ya fito.

In gida babu hali sam, akwai rancen NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, da ya fara aiki a 2024. Babu ruwa a kansa, yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, da naira 20,000 a wata ga wanda ya nemi na kashewa, biya kuma sai shekara biyu bayan bautar ƙasa. Amma ka fara karanta sharuɗɗan tallafinka, ka ga ko sun yarda a haɗa biyu.

Tambaya: Malam, ni ce ta ɗaya a sakandarenmu, amma gwajin farko na lissafi na ci 11 cikin 30. Kamfanin da ke ɗaukar nauyina ya ce in CGPA ɗina, wato matsakaicin makin duk kwasa-kwasaina, ya gaza 3.50 zai janye. Ko barci ba na iyawa.
Ɗaliba, Bauchi Road

Amsa: 'Yata, kwantar da hankalinki, 11 ba ta kashe kwas ba. Saura maki 70 a jarrabawa. In kika kawo 49 kin kai 60, wato B. Abin da ya same ki yana samun hazikai da yawa: a sakandare malami ke bin ɗalibi, a nan ɗaruruwa ne a zaure guda, malami ya gama lakca ya fita, ba mai tambayar wa ya gane.

Ki san yadda ake lissafin, don da shi za ki raba lokacinki. A ma'aunin maki biyar, 70 zuwa sama A ne mai maki 5, 60 zuwa 69 B mai 4, 50 zuwa 59 C mai 3, 45 zuwa 49 D mai 2, ƙasa da 40 kuwa F, sifili. Ana ninka makin da yunit ɗin kwas, wato nauyin da aka ba shi, a tara, a raba da jimlar yunit. Ɗauki kwas shida masu yunit uku-uku, jimla 18. In kika ci B biyar da C ɗaya, 69 ke nan a raba da 18, kin tashi da 3.83. In wannan C ɗin ta zama F, 60 a raba da 18, kin faɗo 3.33. Kariyoba guda, wato faɗuwa kwas ɗaya, ta kai ki ƙasan layin kamfanin, ga shi sai kin sake ɗaukar kwas ɗin a kan nauyin baɗi. Don haka kwas ɗin da ya fi ba ki tsoro shi za ki fi ba lokaci, ba wanda kike jin daɗinsa ba.

Ki nemi takardun jarrabawar shekarun baya wajen 'yan aji biyu, ki riƙa warware su da agogo a gabanki. Ki shiga tutoriyal, ki haɗu da mutum uku ko huɗu masu karatun gaske. In suka wuce haka hira ce. Kwasa-kwasan GST, wato na gama-gari da kowa ke yi, da ɗalibai ke rainawa su ma suna shiga lissafi, kuma A a cikinsu ta fi sauƙin samu. Halartar lakca na da ƙa'ida, kashi 75 cikin ɗari, wasu malaman suna aiki da ita sosai. In sakamako ya fito babu makinki a wani kwas, ki rubuta wa shugaban sashe ta hannun kodineta a makon, da kwafin fom ɗinki.

A ganina sakamakon aji ɗaya ya fi na kowace shekara daraja ga mai neman tallafi, domin da shi ake neman na gaba. Tallafin gwamnatin tarayya na cikin gida, misali, sai daga aji biyu, kuma CGPA 4.00 yake nema.

Tambaya: Malam, ɗiyata za ta taho Jos daga Kano, ba ta taɓa barin gida ba. Me zan haɗa mata?
Wata uwa, Kano

Amsa: Hajiya, Allah ya sa albarka. Jos na kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, sanyin Disamba da Janairu ya fi wanda ta saba. Bargo mai kauri, rigar sanyi biyu, safa, man shafawa da lema don damina. Ki haɗa mata garin kunu, yaji, kuka, daddawa da man gyaɗa. Tumatir, albasa da kabeji ta saya a Farin Gada, sun fi araha a can. Ta tambayi dokar hostal kan risho ko abin girki na lantarki kafin ta saya. Ki ja mata kunne sosai a kan abu ɗaya: komai sanyi, kada su kwana da garwashin gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar da yake fitarwa ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci.